Kafin ka biya kuɗin mota ta hannu a Abuja

Sharaɗin farko da za ka gindaya wa dillali shi ne kada a tayar da motar kafin ka iso. Je da sassafe tare da bakanikenka, ba wanda mai motar ya kawo ba, ka taɓa injin. In ka ji ɗumi, ka ce sai gobe, ko a wuraren sayar da motoci na hanyar Kubwa ne ko a ƙofar gidan mutum. Injin da ya ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar ƙarfe da hayaƙin farko.

Murɗa makulli amma kada ka tayar. Fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya, har da ta inji. Wadda ta ƙi kamawa, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne don a rufe aibi.

Cikin abubuwan da suka fi cinye kuɗin masu sayen mota akwai injin da ya taɓa yin zafi har ya ƙona gaskit, wato faifan da ke hana ruwa da mai haɗuwa a cikin inji. Zaro ma'aunin baƙin mai, ka duba cikin murfin inda ake zuba shi. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa na shiga cikinsa. Tun injin na da sanyi buɗe lagireto, a tayar, ka zuba ido: kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alama ce iskar silinda na kutsawa cikin ruwa. Duba fanka kuma. In ta fara juyawa da zarar an murɗa makulli, an haɗa ta kai tsaye, kuma sau da yawa motar da aka sha fama da zafinta ake yi wa haka. Daga nan koma bayan salansa. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama ruwa ne, mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ya gaji, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Bakanike ya leƙa ƙasa ya ga ko abin nan mai tace hayaƙi da ake kira indomi yana nan a jikin salansa, don ana yanke shi a sayar, kuma mayar da shi ba arha.

Zagayen layi ba gwaji ba ne. Hau tudun Kugbo da na'urar sanyaya mota a kunne, ka shiga cunkoson Nyanya, idonka na kan allurar zafi. Giya mai canza kanta ba ta fizga, ba ta jinkiri in an sa ta a D ko R. Man giyar in ya yi baƙi yana ƙauri, ka haƙura da motar.

Ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but. Tsatsa a ƙarafan kujera ko busasshen taɓo na nufin ambaliya ta taɓa cin ta, kuma matsalar wayarta ba ta ƙarewa. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 a 2019. In motar daga Amurka take, ƙila mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 ka samu kilomita.

Sai takardu, inda bakanike ba zai cece ka ba. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Wadda ke ƙasan gilashin gaba ta zo daidai da ta jikin ƙofar direba da ta kowace takarda. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka 'yar Kwatano sai an yi hattara. Kai takardar kwastan ofishinsu a tantance, domin in ta jabu ce za a iya kama motar a hannunka ko da halalinka ka saya. Motar da aka riga aka yi wa lamba a nan, sunan da ke takardar mallaka ya zama na mai sayarwa, ka ga katin shaidarsa.

A daddale la'adar dillali tun kafin ciniki. Biya ta banki zuwa asusun mai motar, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da shaidu biyu, sannan ka nufi ofishin VIO, jami'an duba motoci, da ke Mabushi a sauya sunan mallaka. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023.