Kana son koyon gyaran hoto? Ga inda za ka fara

Yawancin masu fara riƙe kyamara Photoshop suke faɗawa tun ranar farko, da sun buɗe sun ga madannai birjik sai jikinsu ya yi sanyi. Ni dai shawarata ka ajiye shi tukuna, ka fara da Lightroom, shi ma na kamfanin Adobe ne kuma na waya kyauta ake saukewa in ban da wasu abubuwa da sai an biya. In aljihu ba nauyi akwai Snapseed na Google a waya, ga Darktable da GIMP a kwamfuta, duk ba ko sisi.

Tun kafin a zo kan gyara, saita kyamararka ta riƙa ɗauka a RAW, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba a matse ba kamar JPEG da aka saba. Shi JPEG kyamara ta riga ta matse shi ta zubar da bayanai da yawa, RAW kuwa komai na nan ciki, to in haske ya yi yawa ko ya yi kaɗan kana da damar ceto hoton. Yana cin wuri fa sosai, nemi babban memori.

In ka buɗe hoto fara miƙe shi in ya karkace, ka yanke abin da bai da amfani a gefe. Sai launin haske, wurin da aka rubuta Temp, domin fitilun holin biki sukan mayar da komai ruwan ɗorawa, ka ɗan ja shi wajen shuɗi har farin kaya ya koma fari. Daga nan Exposure na hasken hoton gaba ɗaya. Idan ango ya sha farar shadda cikin rana za ka ga aikin ɗinkin wuyan ya ɓace, to Highlights za ka rage, ka ɗan ɗaga Shadows fuska ta fito daga inuwar hula.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato fata. Don Allah kar ka mayar da amarya baƙa ko wankan tarwaɗa ta koma fara fat har danginta su kasa gane ta, wallahi wannan ɓata aiki ne ko da an yaba maka a ranar. Launin fatarmu yawanci yana cikin ruwan lemo ne, ka shiga wajen launuka ka taɓa shi kaɗan kaɗan, kana yi kana duba hoton asali. Ƙurji ka goge shi tunda gobe ma zai tafi, amma tsaga da tawadar Allah na mai su ne, sai in shi ya ce a cire. Kuma kar ka murje fuska ta zama kamar roba, bar ƙofofin gashi su fito. Irin wannan aikin na fuska shi ne lokacin da za ka koma wa Photoshop, bayan hannunka ya faɗa.

Firiset ɗin da ake rabawa a guruf, wato saitin gyara da wani ya riga ya haɗa sai dai ka ɗora wa hotonka, ba laifi ba ne, amma wanda ya haɗa shi da nasa hasken ya yi, don haka in ka ɗora sai ka bi ka gyara.

Wajen fitar da hoton bayan ka gama gyara zaɓi JPEG da tsarin launi na sRGB in intanet za shi, in bugawa za a yi a sa 300 dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci. Kwastoma kuma ka tura masa ta dokumen a WhatsApp don kar ya matse hoton, sannan ka adana na asalin a wuri biyu.