In aiki ya kai ka ƙauyen Ingila, leƙa tsohon cocin garin

'Yan uwa sababbin zuwa, musamman ku masu aikin kula da tsofaffi da aka tura ƙauye, inda ba masallaci ba shagon halal balle wanda za ka yi Hausa da shi, dan Allah kar ku dinga wuce tsohon cocin garin kamar ba ku gani ba. Musulmi ne kai ko Kirista, rabin harkar ƙauyen a jikin ginin nan take, kuma kaɗaicin farkon zuwa yana raguwa sosai in ka san abin da ake ciki a inda kake kwana.

Bari in ba ku misali da na Brixworth, wajen mil 5 arewa da Northampton, cocin All Saints. An gina shi tun ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 9, zamanin Mercia, wata tsohuwar masarauta ta tsakiyar Ingila, kun ga ya haura shekara 1,100 ke nan kuma har gobe ana ibada a ciki, shi ne ma mafi girma a cocinan wancan zamanin da suka saura a Ingila. In ka shiga ɗaga kai ka kalli bakan gizon da ke jikin bango, za ka ga wasu jajayen bulo sirara an jera su a tsaye ɗaya na jingine da ɗaya, to na Rumawa ne, maginan sun kwaso su daga kangayen da Rumawa suka bari suka sake aiki da su. Ni wallahi wajen nan ya fi tsayar da ni, layin bulon ma bai miƙe sosai ba, hannun mutum kake gani ƙarara. A jikin hasumiya ta yamma akwai wani zagayayyen gini manne da ita, matakala ce a ciki, an ƙara shi wajen ƙarni na 10, tsinin saman kuma sai ƙarni na 14. Zagaya ta gabas ka ga wani lungu da ya nutse ƙasa ya kewaye bango, da can rufaffe ne, masu ziyara ke bi ta ciki.

Lokacin da aka gina shi ba a san wani abu Angilika ba, ƙarƙashin Paparoma yake, sai 1534 da Sarki Henry na 8 ya raba gari da Roma. Shi ya sa har yau sarkin Ingila ne shugaban Cocin Ingila, wato Angilika ta ƙasar.

To ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Yawancin irin cocinan nan a buɗe suke da rana, ba kuɗin shiga sai akwatin taimako in ka ga dama, ba a cire takalmi, amma al'adarsu namiji ya cire hula, mata kuwa mayafinku ba wanda zai ce uffan. Sa rigar sanyi ko da bazara ce, dutse ne, ciki ya fi waje sanyi. Allon sanarwa da ke bakin ƙofa ka tsaya ka karanta shi tsaf, nan ake manna ranar shan shayin safe, da inda ake raba kayan abinci ga wanda ya shiga matsi, da wasan yara, wani lokaci har ajin Turanci, kuma ba a tambayar addininka. Tsofaffin da kake kulawa da su da yawa nan aka ɗaura musu aure, mazansu ko matansu suna kwance a makabartar da ta kewaye ginin, ka ce wa tsohuwa ka shiga cocinsu ka ga yadda fuskarta za ta sake.

Makabartar hanya ce ta bi ta ciki, mutane na wucewa da karnukansu, kar abin ya ɗaure maka kai, kai dai kar ka taka kabari. Masu yara a kula da wata bishiya mai duhun ganye da jajayen 'ya'ya da ake yawan shukawa a wajen, yew suke ce mata, guba ce.

'Yan uwa Kirista, ko da ka taso a Angilika, irin su St Bartholomew na Wusasa, kar ka zo da tsammanin cika da ganga. Mutane kaɗan ne, yawanci masu furfura, awa ɗaya an tashi, fasto ɗaya na iya riƙe ƙauyuka uku ko huɗu don haka duba lokaci kafin ka fito, kuma tana iya zama mace, tun 1994 suke naɗa mata.

In ka ji ƙararrawa ta kaure da yamma tsakiyar mako ba mutuwa aka yi ba, masu kaɗawa ne ke gwaji. Ranar da ya kamata ka riƙe ita ce Lahadi ta biyu a Nuwamba, ana taruwa wajen dutsen da aka rubuta sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙin duniya, ƙarfe 11 na safe a yi shiru na minti 2. In ka zo wucewa a lokacin ka tsaya tare da su, ka sa waya a silan.