Kafin ku sayi sumo na burtsatse

Jama'a, don Allah kada ku sayi sumo, wato injin da ake zurawa cikin burtsatse don turo ruwa sama, sai kun tambayi mai haƙa abu biyu: a mita nawa ruwa yake tsayawa, kuma lita nawa rijiyar take bayarwa a awa ɗaya. Ku haɗa da tsayin inda tankinku yake.

Ni na sayi babba don tanki ya cika da wuri. Cikin minti 20 yake zuƙe rijiyar tas, ya ci gaba da juyi a bushe, alhali ruwan ne ke sanyaya shi. Watan Afrilu ya ƙone, kuɗina suka tafi.

Kuma kada a zura shi har ƙasan rijiya, yashi zai cinye shi. A ɗaga shi kaɗan.