Yadda Za Ka Gano Amfanin Da Mutane Ke Gani A Dajin Yawon Buɗe Ido

Idan kai ɗalibi ne aka ba ka furojet, ko kana aiki a gandun daji, ko kai jagoran baƙi ne kana so ka san me mutane ke ɗauka a matsayin amfanin wurin, to abu na farko kar ka haɗa kowa a kwando ɗaya. Baƙon da ya zo daga nesa da kyamara daban, wanda gonarsa ke bakin dajin daban, ma'aikaci mai cin albashi a wurin shi ma daban. Raba su gida uku tun kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya.

Sai ka riƙe rabe-raben amfanin a kanka. Wani babban rahoto da Majalisar Ɗinkin Duniya ta goyi bayansa a 2005 ya kasa amfanin muhalli gida huɗu: abin da ake ɗiba da hannu kamar ruwa, itace, kifi da magani; aikin da daji ke yi na tace ruwa, rage ambaliya, riƙe ƙasa da sanyaya iska; abin da ya shafi nishaɗi, ibada da tarihi; sai kuma ginshiƙin da sauran suka dogara a kai, irin samuwar ƙasa mai kyau. Wannan naka ne kai mai bincike, ka bar shi a littafinka, dan Allah kar ka karanta wa mutane.

Tambayar da za ka fara da ita mai sauƙi ce, ka ce wa mutum, in aka wayi gari babu dajin nan me za ka rasa? Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, kar ka taya shi da misali, domin da zarar ka ce "kamar ruwa ko iska" shikenan ruwa da iska zai maimaita maka ya tafi. Galibi za ka ji baƙo yana maganar kyan wuri da dabbobi da hutawa, mazaunin kusa kuma itace, kiwo, ruwan sha, aikin yi. Wanda kusan kowa ke mantawa shi ne kashi na biyu, aikin da ba a gani da ido, kuma a ganina nan ne duk amfanin binciken yake. Ƙudan zuma da sauran ƙwari masu ɗaukar barbarar fure misali, kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'ikan amfanin gona a duniya suna ƙaruwa da su, amma da wuya ka ji wani ya ambace su da kansa.

Bayan ya gama nasa sai ka fito da hotuna, kamar takwas ko goma, kowanne da amfani ɗaya a jiki, ka ba shi tsakuwa ashirin ka ce ya raba a kan hotunan gwargwadon muhimmancinsu a wurinsa. Wannan ta fi fom mai cewa zaɓi daga 1 zuwa 5, don a fom mutum zai iya ba komai 5 ya huta, amma tsakuwa tana ƙarewa, dole ya zaɓa. Kuma wanda bai iya karatu ba ma zai yi. Ka rubuta amsar farko daban da ta bayan hoto, bambancin da ke tsakaninsu shi zai nuna maka abin da mutane suka sani amma ba ya zuwa musu a rai sai an tuna musu.

Baƙi ka tare su lokacin fita, ba lokacin shiga ba. Mazauna kuma ka same su a inda suke, kuma kar ka je da ma'aikaci sanye da kaki, ba wanda zai ce maka yana shiga daji yin itace alhali mai kama shi na tsaye. Mata ma a ji nasu daban, sau da yawa su ke ɗibar ruwa da itace.

Ka tambayi ɓarnar ma. Giwa na cinye gona, birai na ɓarna, an hana kiwo inda aka saba. Wanda daji ya cuta ba zai ga amfaninsa ba ko ka yi masa lacca ta awa uku, shi ya sa Ruwanda ke ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen dajinta don ayyukan al'ummomin da ke kewaye. Baƙi kuma ka tambaye su ko suna ganin zuwansu na taɓa wurin, da yawa za su ce a'a, alhali gaɓar tekun Maya Bay a Tailan sai da aka rufe ta a 2018 saboda cunkoso da jiragen ruwa sun lalata murjani, wato halittun da ke taruwa kamar duwatsu a ƙarƙashin teku, ba a sake buɗewa ba sai 2022.

Maganar "nawa za ka iya biya don a kiyaye wurin nan" ka bar ta zuwa ƙarshe kuma kar ka ɗauki amsar da zafi, faɗa a baki ba wuya, a bakin get ne ake sanin gaskiya. In ka gama haɗa sakamako ka koma ka karanta wa mazauna da ma'aikata a zama ɗaya, su gyara maka inda ka ji ba daidai ba kafin ka buga.