Yadda ake noman gahawa a ƙarƙashin inuwa, da abin da manomin Sakkwato zai ɗauka daga ciki

Gahawa, wadda yawancinmu muka fi sani da sunan kofi a teburin mai shayi, asalinta tsiron daji ce mai girma a ƙarƙashin manyan itatuwa. Nau'inta da ake kira Arabika ya fito ne daga dazuzzukan tsaunukan kudu maso yammacin Habasha, wajen yankin Kaffa, inda har yau ake tsinkarta a cikin kurmi. Tun da farko ya kamata a faɗi gaskiya: gahawa ba ta yi a Sakkwato. Arabika tana son sanyi na kimanin digiri 18 zuwa 22 da ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara, alhali mu a nan zafin bazara yakan haura digiri 40, daminarmu kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba. A Najeriya, inda Arabika ta samu wurin zama shi ne tsaunin Mambila a Jihar Taraba, wajen Gembu. Amma dabarar da ake nomanta da ita a ƙarƙashin inuwa ta shafe mu ƙwarai, domin babu abin da gonakinmu suka fi rasawa kamar itace.

Mai son shuka gahawa a inda take yi, da inuwa zai fara, ba da iri ba. Idan filin yana da itatuwa, kada ya share su. Ya rage waɗanda suka cunkushe, ya bar dogaye masu faɗin rassa. Idan fili ne fetal, sai ya dasa itatuwan inuwa shekara ɗaya ko biyu kafin dashen gahawar, ya kuma sa ayaba a tsakani, saboda tana saurin tashi, tana rufe ƙananan tsirrai kafin manyan itatuwan su kai. An fi son itatuwa dangin wake, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi ta hanyar saiwoyinsu, irin su Inga a Amurka ta Kudu da Albiziya a Afirka. Ita gahawar ana renonta a leda ƙarƙashin rumfa na wasu watanni, sannan a dasa ta a farkon damina cikin rami mai takin gargajiya, da tazarar mita 2 zuwa 3 tsakanin tsiro da tsiro. Sai bayan shekara 3 ko 4 take fara ba da 'ya'ya, kuma jajaye kawai ake tsinka.

Inda aikin yake da wuya shi ne auna inuwar. Cibiyar Smithsonian ta Amurka, wadda ke ba da shaidar gahawar da aka noma ba tare da cutar da tsuntsaye ba, ta sa sharaɗin inuwa ta rufe aƙalla kashi 40 cikin 100 na gona. Manomi ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane haka. Ya shiga gonar da tsakar rana ya dubi ƙasa: idan ya ga haske da inuwa sun yi dabbare-dabbare kamar jikin zabo, to ya dace, idan ko'ina duhu ne, inuwar ta yi yawa, fure zai ragu, damshi kuma zai jawo ciwon ganye. Maganin wannan shi ne sassaka rassa sau ɗaya a shekara, a bar ganyen a ƙasa ya ruɓe, a kai itacen gida.

Ribar wannan tsari ba a buhu kaɗai take ba. Ganyen da ke zuba yana rufe ƙasa, ya riƙe laima, ya hana ruwa kwashe ƙasar gangare. Tsuntsayen da ke sheƙa a saman itatuwan suna cin ƙwaron da ke huda 'ya'yan gahawa, ƙudan zuma kuma suna taimaka wa fure. 'Ya'yan suna nuna a hankali, abin da masu saye ke dangantawa da ɗanɗano mai kyau. Ga iyali kuwa, gona ɗaya tana ba da ayaba da itacen girki da katako, ta yadda in farashin gahawa ya faɗi a kasuwar duniya, tukunya ba za ta kife ba. Sai dai a sani, gonar da aka buɗe wa rana takan fi yawan amfani a kowace hekta. Wannan ne, tare da tsoron cutar tsatsar ganye da ta ɓulla a Brazil a 1970, ya sa manoma da yawa a Amurka ta Tsakiya da Kolombiya suka sare itatuwansu. Abin da ya biyo baya shi ne dogaro da takin zamani da maganin feshi, da tsirran da ke saurin tsufa. A ganina, ga ƙaramin manomi wanda ba shi da kuɗin taki kowace shekara, wannan ciniki ne na asara.

To, manomin Wurno ko Gwadabawa fa? Kada ya kwaikwayi kashi 40 ɗin nan, domin gero da dawa 'yan rana ne, inuwa mai kauri tana kashe su. Abin da zai ɗauka shi ne zaɓen itace da iya sassaka shi, kuma Allah ya hore mana itacen da ya fi kowanne dacewa, wato gawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da shuka ke son rana, ya kuma yi ganye da rani, lokacin da ƙasa da dabbobi ke neman mafaka. Duk wanda ya taɓa lura da geron gindin gawo ya san karansa ya fi kauri, zangarniyarsa ta fi cika, saboda ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka kwanta a wurin suna cin 'ya'yansa.

Ba sai an sayi dashe ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun cikin shekarun 1980, tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, sun nuna cewa kututturen da muke ƙonewa lokacin sharar gona suna da rai, kuma ta hanyar renon tohonsu miliyoyin hekta a Nijar sun sake samun itatuwa. Yadda ake yi shi ne, idan an zo sharar gona kafin damina, a duba kututturen gawo, kalgo, sabara, magarya ko aduwa da suka yi toho. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A cire ƙananan rassan da ke rabin ƙasa na waɗanda aka bari, a ɗaura musu tsumma mai launi don kowa ya san da mai su. Bayan 'yan watanni a koma a sake gyarawa. Darbejiya kuwa, duk da amfaninta wajen tare iska, bakin gona ya fi dacewa da ita, domin inuwarta ba ta ɗagawa rani da damina. Masu lambu a fadamar Rima za su iya jera zogale da gwaiba a kan iyaka, su bar tsakiya ga albasa.

Saura batun jama'a, wanda in ba a daidaita shi ba duk wahalar ta tashi a banza. Ɗan itacen da aka rena shekara biyu, akuya ɗaya ko gatari ɗaya ya ishe shi. Saboda haka a kewaye shi da ƙaya a shekarun farko, sannan manoman da gonakinsu ke haɗe su zauna gaban mai gari tare da makiyaya da masu saran itace, a amince cewa reshe ake sassaka, ba a sare gindi, kuma 'ya'yan gawo da suka zubo da rani na dabbobin kowa ne.