Yadda Ake Auna Damar Doki Daga Gurbin da Zai Tashi

Mu mutanen Bauchi da doki muka tashi, daga hawan sallah zuwa hawan daushe, amma idan aka zo maganar sukuwa sai yawancinmu mu tsaya ga duba ƙirjin doki da ƙafafunsa da sunan bargar da ya fito, mu manta da wurin da ƙuri'a ta ajiye shi a layin tashi. Ba caca nake koyarwa ba. Burina shi ne mai doki da mahayi da ɗan kallo su san abin da ke gabansu tun kafin a saki linzami.

A filin da ake zagayawa, gurbi na 1 shi ne na jikin shingen ciki, lambobi kuma suna ƙaruwa zuwa waje. A kwana mai siffar rabin da'ira, duk mita 1 da doki ya nisanta daga shinge tana ƙara masa tafiyar mita 3 da 'yan kai. Tun da tsawon doki bai wuce mita biyu da rabi ba, wanda ya sha kwana yana mita 3 daga shinge ya yi asarar kusan tsawon doki huɗu, alhali sau da yawa da wuya ko da hanci ake cin tsere.

Saboda haka abin da za ka fara aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin wurin tashi da kwanar farko. Idan gajeriya ce, na waje ba shi da lokacin kutsowa ciki, don haka ka rage masa maki. Wannan ne ya sa a filin Chester na Ingila, wanda kusan duk kwana ne, ake ɗokin ƙananan lambobi a gajeren tsere na mita 1,000. Idan kuwa akwai doguwar miƙaƙƙiyar hanya kafin kwana, tasirin gurbi yana raguwa ƙwarai.

Daga nan sai ka haɗa gurbin da halin dokin, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yin kuskure. Doki mai zafin tashi idan ya sami ciki ya sami abin da yake so, domin zai kama shinge ya ja gaba. Amma mai sanyin tashi idan aka sa shi a ciki, kafin ya buɗe ƙafa na waje sun rufto masa, sai ka ga mahayi ya miƙe a kan likkafa yana jan linzami, ƙura na dukan fuskarsa, ga ƙarfi a jikin doki amma babu hanya. Irin wannan gara a ba shi waje. Tseren Kentucky Derby na Amurka, mai tsawon kimanin mita 2,000 da dawaki har 20, shaida ne: daga 1986 da doki mai suna Ferdinand ya ci daga gurbi na 1 har zuwa 2025 babu wanda ya sake ci daga nan, amma Big Brown a 2008 da Rich Strike a 2022 sun ci daga gurbi na 20, can ƙarshen waje.

Kada kuma ka raina ƙasar filin. Da damina, idan ruwa ya kwanta ta jikin shinge, ciki yakan zama laka mai riƙe kofato, sai ribar gajeriyar hanya ta salwanta. Idan ka sami dama, ka taka filin da ƙafarka da safe, ka dudduba inda ya yi tauri da inda yashi ya yi zurfi.

Ni dai ina ajiye ɗan littafi a aljihu, ina rubuta gurbin kowane doki, da nisan tseren, da inda yake lokacin da aka shiga kwanar farko. Dokin da ya zo na uku bayan ya zagaya ta waje nakan ja masa layi da jan biro, domin ranar da ƙuri'a ta matso da shi ciki, shi zan fara dubawa.