Yadda Ake Zaɓa da Ɗaura Sabon Lagireto a Babbar Mota

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. A lokacin ne za ka ga tirela da lodin siminti daga Kalambaina ta tsaya gefen hanyar Gusau, an kifar da kanta, yaron mota na yawon neman ruwa da jarka. Sai dai kafin ka ɗora wa lagireto laifi, duba ko belin fanka ya saki, ko famfon ruwa na ɗiga, ko robar murfi ta mutu. In kumfa na tasowa a ruwa alhali inji na aiki, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, kuma ko lagireto nawa ka saya motar ba za ta daina tafasa ba.

In ka tabbata lagireton ne, ɗauki tsohon ka tafi da shi wurin mai kayan gyara, haɗe da lambar shasi. Cewa "na DAF" ko "na Howo" bai isa ba, don kamfani ɗaya ma kala-kala yake yi. A jera su, a gwada tsawo, faɗi, kauri, inda bakunan tiyo suka fito da ramukan ƙusa. Kada ka karɓi wanda bai kai naka kauri ba don sauƙin kuɗi. Zafin nan ba ya ragowa.

Akwai na tagulla, akwai na alminiyam mai tankin roba. Na biyun ya fi rashin nauyi, yana kuma sanyaya ruwa da kyau, amma ranar da robar ta tsage sai dai canji. Na tagulla kuwa ko a Illela ya huje za ka sami mai liƙe shi da dalma. Ni dai ga motar da ke bin hanyoyi masu gargada, shi na fi so. In na kwatano ne, a toshe bakunan, a hura masa iska, a tsoma shi cikin ruwa a gabanka. Kumfa ko ɗaya ta fito, bar musu kayansu.

Ranar cire tsohon bari inji ya huce sarai, a sa wa tayoyi waigi, a cire kan batir, a kifar da kai a tokare shi. Zubar da ruwan, kwance tiyo da rumfar fanka, sannan intakula (mai sanyaya iskar da ke shiga inji) da ke gaban lagireto in motar mai tobo ce. Mutum biyu su ɗaga lagireton. Wanke hanyoyin ruwa na cikin inji har ruwa ya fito garau, in ba haka ba tsohuwar tsatsa ce za ta toshe sabon.

Sa sababbin robobin zama da sababbin tiyo, kada ƙarfe ya zauna kan ƙarfe. Mayar da rumfar fanka (makanikai da yawa kan jefar da ita, ita ce kuwa ke tilasta iska ta ratsa lagireto), ka juya fankar da hannu ka ji ba ta gogar komai. Tamostat ma, mai daidaita zafin ruwan inji, a bar shi a wurinsa.

Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri a cikin bututu. Sayi ruwan lagireto na jarka, ka zuba a hankali don iska ta fita. Tada inji, allurar zafi ta zauna tsakanin digiri 80 da 90, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Bayan ya huce a cika, a sake ɗaure kilif ɗin tiyo bayan tafiyar farko. Da hunturu kuma a riƙa hure ƙura daga ɓangaren inji zuwa waje.